Firjin Zauren Baba

Ni dai tun ranar da aka kawo firjin nan na ce kada a sa shi a zaure. Da bakina na faɗa, amma wa ya ji? Masu kafa sola suka ɗaga kai suka ga darbejiya ta lulluɓe rufin ɗakina, suka waiga suka ga kwanon zauren Baba yana shan rana tun safe har yamma, shi ke nan magana ta ƙare. Aka jingina firji a ɗan shagon da ke cikin zauren, daidai inda Baba yake ajiye buzunsa da butarsa.

Baba surukina ne, uban maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kada ma ku jira. Mu a gidan nan asalinmu Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, Fillancin ma ya bi su, kunya ce kaɗai ta ƙi tafiya. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na jiyo gyaran muryarsa sai in koma da baya. In ta kama dole muka haɗu, ni in durƙusa in gaida ƙasa, shi kuma ya juya ya amsa wa bango. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi kirkinsa har ya yi yawa. In zancena ya taso sai ya ce "matar wancan", wancan ɗin kuwa maigidana ne, ɗansa na fari, wanda shi ma bai taɓa kiran sunansa ba.

Abin da ke cikin firjin ƙwai ne, amma ba na kaza ba.

Daminar da ta wuce kogin Haɗeja ya haura ya cinye mana shinkafa da gero, sai a kwalekwale muka je muna leƙen kan dawa. Duk ƙauyenmu babu rumbun da aka zuba wa komai. Abin da ya rage mana shi ne masarar rani a fadama. Ita kuma masarar tana da maƙiyiya, wata tsutsa mai shiga zuciyarta ta cinye. An yi feshi har hannu ya gaji, tsutsar sai ƙiba take. Ana cikin haka wasu ma'aikatan gona suka zo da wata dabara, suka ce suna neman wanda zai riƙe aikin a ƙauye. Da yake na yi sakandare kuma kullum ina gida, sai aka nuna ni. Wani Malam Safiyanu ne ya koya mini.

Wai ashe akwai wani ɗan zanzaro, ƙanƙane ƙwarai, sai ka ƙura ido kafin ka gan shi, kuma ba ya harbin mutum. Aikinsa ya nemi ƙwan tsutsar a bayan ganye ya saka nasa a ciki. Maimakon tsutsa ta fito, sai zanzaro ya fito. Don a same shi da yawa, nakan kiwata wani ƙwaron hatsi a bokitai cikin tsakin gero, in tara ƙwansa, fari fat kamar gari. In shafa ƙaro a kati, in barbaɗa ƙwan, in sa a kwalba tare da uwayen zanzaro. In ƙwan ya yi baƙi, to zanzaro ya shiga. Daga nan sai firji, don sanyi ya sa su barci har ranar da gona za ta buƙace su.

Malam Safiyanu ya maimaita mini har na gaji da ji: sanyi, ba ƙanƙara ba. In ɗumi ya shiga za su farka su fito cikin kwali su mutu a banza. In ƙanƙara ta kama su za su mutu cikin ƙwai. Ya rataya mini wani ɗan ma'auni mai allura a ciki, ya ce muddin allurar tana kan kore in kwanta in yi barcina.

Da komai ya tafi daidai, da tuni an rataya katunan a gona. Amma ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, sai da maza suka yi ta sara kafin ruwa ya iso fadamarmu, shuka ta yi latti. Zafin bazara ya sauko ya kashe mini ƙwarin bokitai, uwayen zanzaron ma suka ƙare. Ya zama abin da ke cikin kwalayen nan a firji shi ne ke nan, babu na biyu. Masara kuwa ko ƙauri ba ta kai ba, sai jira.

Sai azumi ya kama.

Ranar farko gorar ruwa ɗaya na tarar a ciki, ta Baba. Na ce to, gora ɗaya ai ba komai, tsoho ne. Kashegari ta Liman ta bi bayanta. Kafin a kai ko'ina, firjina ya koma kasuwa: zoɓo, kunun tsamiya, lamurje, fura a kwanon sha, har wata marar tsoron Allah ta aiko da kunu da zafinsa yana tururi. Daga la'asar ƙofar firjin ba ta hutawa, wannan ya buɗe ya sa, wancan ya buɗe ya taɓa ya ji ko nasa ya yi.

Ina jin su daga tsakar gida, ina daka, raina yana tafasa. Amma ina kuma jin muryar Baba, ita ce ta fi karya mini gwiwa. Duk shekara a zauren nan ake buɗa baki, kunu da ƙosai daga rumbunsa, ba ya tambayar daga ina mutum ya fito. Bana rumbu wayam. Kafin azumi Baba ya zama shiru-shiru, ko fira ba ya zama. Yanzu ga shi yana dariya, yana cewa, "Ku kawo, ku kawo, ai wuri bai cika ba. Wanda ya shayar da mai azumi ai ya san abin da ya samu." Ruwan sanyin nan shi ne kaɗai sadakar da ta rage masa.

Ni kuwa sai da safe nake samun shiga, in ya tafi fadama. In buɗe in ga allura ta bar kore ta karkata wajen ja, kwalaye sun yi gumi. Wata safiya na ɗaga wani kati na ga 'yan baƙaƙen ɗigo a ƙasan kwali. Wasu sun farka sun fito, sun mutu. Ba su da yawa tukuna.

Na tari maigidana yana wanke ƙafa. Na ce, "Malam, ka yi wa Baba magana. Ruwan nan zai kashe ƙwan nan."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari Liman. "Ni? In je in tsaya gaban Baba in ce masa me?"

"Ka ce a daina sa ruwa a firji."

"Haba, Bashira. Tun da aka haife ni ban taɓa fara yi masa magana ba sai ya fara. Yau rana ɗaya in buɗe baki, kuma abin da zai fito shi ne ya hana masu azumi ruwa?"

"To in sa kwaɗo."

"Kwaɗo? A zauren Baba? Ki kulle masa ɗaki a gidansa?" Ya girgiza kai. "Ki yi haƙuri, azumin ai ba zama ya zo yi ba."

Na ce ƙwan ma ba zama suka zo yi ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Mutumin kirki ne shi ma, duk gidan kirki ne zai kashe mu.

Na kira Malam Safiyanu a waya. Ya ce, "Ki hana kowa buɗewa, ki rubuta a jikin ƙofar." Sannu, Malam! Shi yana can birni, a ganinsa hana mutum abu kamar kore kaza ne. Na tambaye shi ko in mayar da su randa in lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya ce a zafin nan ba za su kwana biyu ba. Ko in kai gona yanzu? Ya ce tsutsar ba ta fara ƙwai ba, za su fito su rasa abin yi su mutu. Na yi tunanin firjin asibitin ƙauyen gaba, aka ce na allurar yara ne, ko ruwa ba a sawa. Na yi tunanin masu shago a Haɗeja, su kuma nasu duk na ƙanƙara ne. Na juya nan na juya can, ko'ina a toshe.

Saura mutum ɗaya, Goggo 'Yar'azumi, ƙanwar Baba, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ita kaɗai ce take zama kusa da shi ta yi masa magana har da tsiya. Na same ta tana tsinkar zogale, na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, har na kawo kati na nuna mata matattun.

Ta ƙanƙance ido. "Waɗannan ƙurar ce za ta ceci masara? Ikon Allah. To me kike so a ce?"

"A ce a daina sa ruwa, Goggo. Kowane buɗewa sanyi ne yake fita."

"Shi mijin naki, Misbahu, me ya ce?"

"Ya ce ba zai iya ba."

"Ai ba zai iya ba. Bar ni da shi, yayana ne, na san ta inda ake shigarsa."

Da yamma ta dawo tana taunar asuwaki, ta ce ta faɗa. Na ce me ta ce masa?

"Na ce masa yarinyar nan duk ta rame, 'yan ƙwarinta sanyi bai ishe su ba, ga zafin garin nan."

"Goggo, kin ce a daina sa ruwa?"

"Ke! In dubi tsabar idon yayana in ce ya kori masu azumi daga ƙofarsa? Babba ai ba a yi masa gatsal. Ana ɗan taɓa gefe ne, shi ya ƙarasa da kansa. Mai hankali ne, zai gane."

Wallahi har na ɗan ji sanyi a raina. Na ce ai gaskiya ne, haka ake yi wa manya magana, haka na ga ana yi tun ina yarinya.

Kashegari Baba bai je fadama ba, wai ƙafarsa ta motsa, ya wuni a zaure. Ban samu shiga ba. Da hantsi na ji ƙarar babur a ƙofar gida, na ji muryar Tasi'u mai gyaran sola, na ji takunsa a kan kwano yana wanke faifan solar. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komai wuta za ta ƙaru. Washegari ma Baba yana nan zaune, baƙi suna ta shigowa duba ƙafa. Ina ta leƙe ta kafar zana, babu hanya.

Ran nan da aka kira magariba, na sa dabino a baki ke nan, sai ga Goggo ta shigo da kofin silba a hannu biyu, tana tafe tana rangaji.

"In ji Baba, a kawo wa matar wancan. Ya ce ita za ta fara sha kafin kowa, don albarkacinta aka samu."

Na leƙa kofin. Ƙanƙara ce, dunƙule guda, tana juyi a cikin ruwa.

"Ya sa Tasi'u ya murɗa abin ƙara sanyin firjin har ƙarshe," in ji Goggo. "Ya ce ba za a ce ƙwarin surukarsa suna jin zafi a gidansa ba. Ba na gaya miki zai gane ba?"

Matan gida suka taso kowa tana son ta taɓa. Daga zaure ina jin maza suna kabbara, ana ta sa wa Baba albarka. Goggo ta tsaya a kaina tana jira, don sai ta koma ta ce na sha. Na kafa kai na sha. Na ce a ce masa na gode, Allah ya ƙara girma.

Da suka tafi asham na ruga shagon. Kwalayen sun manne da bangon firji, sai da na sa wuƙa na ɓamɓare. Katunan sun yi tauri, farin ɓurɓushi ya rufe ƙwan. Allurar ma'auni ta wuce kore ta kwanta can ƙarshe. Na mayar da abin murɗawar inda yake, ko da yake na san aikin banza nake yi. Na ɗebi kati daga kowane kwali na sa a kwalba na kai ɗakina, na ce ko Allah zai sa wasu sun tsira.

Kullum da safe in ɗaga kwalbar a hasken taga. Da can in suka fito sai ka ga jikin kwalba yana motsi. Na duba, na sake dubawa, na girgiza, na hura mata iskar bakina. Har lokacin fitowarsu ya yi ya wuce, babu abin da ya motsa. Da na gaya wa Malam Safiyanu, ya yi salati. Ya ce nasu duk sun raba wa ƙauyuka, sabo kuwa sai bayan Salla da makonni. Na ce kafin nan tsutsa ta shiga zuciyar masara. Ya ce ya sani.

A ranar ce Larai ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu, 'yar gonarta tana jikin ta Baba, da ita take ciyar da marayunta. Ta miƙo mini ganyen masara, ta juya bayansa. Ga ƙwan tsutsa nan a dunƙule, da ɗan gashi-gashi a kansu.

"Sun iso, Bashira," ta ce, har da murmushinta. "Yaushe za a ba mu katin? Ni ko feshi ban nema ba. Baba ya bi gona-gona ya ce kada wanda ya kuskura ya yi, wai kin ce feshi yana kashe zanzaron."

Na faɗa kuwa. Ni na faɗa, ta bakin Goggo, tun farkon shuka, kuma wannan saƙon ya isa da ƙafafunsa. Na ce wa Larai ta je zan neme ta. Ban iya kallon fuskarta ba.

Na gaya wa maigidana. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai, sannan ya ce, "Baba ba zai ji wannan daga bakina ba." Na gaya wa Goggo. Ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji, ta ce, "Na shiga uku. Ni dai ba ni ba, ki nemi wani." Wa zan nema? Gari duk yana jiran kati, ƙwan tsutsa yana shirin fashewa, kuma duk wanda zai nemi wata dabara ba zai motsa ba sai Baba ya janye maganarsa.

Da hantsi na yafa mayafi na nufi zaure. Na yi sallama daga bakin ƙofa, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

Yana zaune a kan buzu da 'yar wuƙa a hannu, ga tarin kara a gabansa. Yana yanka su tsawo ɗaya, yana tsaga kan kowanne, inda za a maƙala kati a kafa a gona. Ya ɗaure su dami-dami, na kowane gida daban. Da ya ga ni ce sai ya juya ya fuskanci bango, ya amsa sallamar, ya jira in wuce. Ban wuce ba.

"Baba," na ce. "Ƙwan sun mutu. Babu katin da za a raba."

Wuƙar ta tsaya.

"Ƙanƙara ce ta kashe su. Ba sa son ƙanƙara."

Ina jin firjin yana ta gurnaninsa a shago.

"Ca aka yi mini sanyi bai ishe su ba," ya ce wa bango.

"Haka ne, Baba. Ruwan da ake sawa ne yake kore sanyin. Da an bar shi a rufe, da ya ishe su."

"Ruwan."

"Ruwan, Baba."

"Tun yaushe aka sani?"

"Tun farkon azumi."

Ya ajiye wuƙar a hankali. Ya dubi damman karan nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Ban san idonsa ya yi fari haka ba, ban san tsufa ya kama shi haka ba. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ƙafafunsa kawai na sani.

"Bashira," ya ce. Ashe ya san sunana. "Da kin faɗa mini. Wallahi da ko ɗigo ban sa ba."

Sai na fashe da kuka. Na ji haushinsa, na ji haushin Goggo da maigidana, na ji haushin kwanon zauren nan da ya fi nawa shan rana, kuma duk cikinsu babu wanda zan iya nuna wa yatsa in ce shi ne mugu. Baba ya jawo dami ɗaya, ƙarami, ya riƙe a cinya. Na san na Larai ne, don ita ce mai ƙaramar gona.

Muna nan a haka sai aka yi sallama a waje. Muryar Tasi'u ce.

"Baba, hanya ta biyo da ni, Liman ya ce in miƙo ruwansa a sa masa a firji. Wai in da hali a sa a wajen da ya fi sanyi."

Baba ya dube ni, yana jira in faɗa masa abin da za a yi.

Na share fuska da bakin mayafi. Na ce, "A karɓa, Baba. Yanzu babu abin da zai ɓata."